Malam Abdullahi na Gwandu da Ilmin Sarfu

An haifi Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a shekarar 1766. Ƙanen Shehu Usmanu ne, kuma a hannun Shehu ya yi yawancin karatunsa, sannan ya ƙara a wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. Jama'a sun fi saninsa da jarumtaka a Tabkin Kwatto cikin 1804, da kuma tafsirinsa Liya'ut Ta'wili. Amma almajiran zaurukan Sakkwato sun san shi da wani abu dabam, watau gwaninta a lugga. Ya tsara nahawu cikin waƙa mai suna Baharul Muhiɗi, ya tsara sarfu cikin Hisnur Rasini, baiti wajen 1,000.

Daga cikin babobin sarfu masu gajiyar da almajiri akwai ibdali, watau a ɗauke harafi a sa wani a gurbinsa. Wani ibdalin yana bin ƙa'ida: asalin ƙala ƙawala ne, wawu ya juye alif. Wani kuwa ba ƙa'ida gare shi ba, sai dai a ji daga bakin Larabawa a kiyaye. Kabari ana ce masa jadas, wata ƙabila ta ce jadaf. Irin wannan ne Ibnus Sikkiti, wanda ya rasu a 858, ya tattara cikin littafi guda, daga baya Abuɗ Ɗayyib na Halab ya faɗaɗa. Abin bai tsaya ga ƙamus ba, ya kai ga karatun Alƙur'ani, gama kalmar siraɗi ta Fatiha yawancin maƙaranta da sadi suke karanta ta, Ƙunbulu kuwa da sinun. Wanda bai san wannan ba sai ya ɓata karatun da yake daidai, ko ya gyara rubutun da ba kuskure a cikinsa. Don haka Malam Abdullahi bai raba tafsiri da lugga da ƙira'o'i ba.

Basakkwace bai kamata ya ga baƙon abu a nan ba. Shi yana cewa hwari da biyat, Bakano na cewa fari da biyar. Hatta sunan tafsirin nan, ladi ne a farkonsa muka mai da shi lam, kamar yadda aka yi a alƙali da larura.

Rayuwarsa ba ta rasa ɗaci ba. A 1807 ya ga son duniya ya shiga rundunar jihadi, ya bar ta da niyyar tafiya Makka, Kanawa suka tsai da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, sannan ya komo. Da Shehu ya rasu a Sakkwato a 1817, mubaya'a ta faɗa kan Muhammadu Bello. Aka yi 'yan shekaru da sanyin zumunci, har Bello ya kai masa gudummawa a yaƙin Kalambaina, suka daidaita. Ya ci gaba da karantarwa da rubutu a Gwandu har ya cika a 1829. Kabarinsa yana can. Allah ya jiƙansa.