Seydou Keita: Kafintan da ya mayar da tsakar gida shagon hoto

An haifi Seydou Keita a Bamako wajen shekarar 1921, lokacin da ƙasar Mali ke ƙarƙashin mulkin mallakar Faransa. Mahaifinsa kafinta ne, shi ma da sana'ar ya tashi. A 1935 kawunsa ya dawo daga Senegal ya yi masa tsarabar kyamara ƙirar Kodak Brownie, ya fara gwada hannu a kan 'yan uwa da maƙwabta. Daga baya ya ƙara sanin sirrin wankin hoto a wurin Pierre Garnier, wani Bafaranshe mai shagon kayan hoto a birnin.

A 1948 ya buɗe nasa shagon a gidansu da ke unguwar Bamako-Koura, bayan babban gidan yari, ba nisa da tashar jirgin ƙasa. Matafiyan da ke bin layin dogon Dakar sukan biya a ɗauke su, su tafi da hotunan garuruwansu. Ta haka sunansa ya bazu ba tare da ya kashe kuɗin talla ba.

Jarinsa kaɗan ne, sai ya riƙe shi da tattali. A tsakar gida yake yawancin aikinsa, da hasken rana. Zanen gadonsa ne ƙyallen farko da ya rataya a bayan masu zuwa hoto. Fim da takarda na da tsada, don haka sau ɗaya yake danna kyamara a kan kowane hoto, bayan ya gama gyara wa mutum zama da ɗaurin ɗankwali da inda zai aje hannu.

Abin da ya fifita shi a kan tsara shi ne ya gane cewa mai zuwa hoto so yake a gan shi yadda yake burin zama. Saboda haka ya tanadi kwat da agogo da alƙalami da tabarau da rediyo da babur ƙirar Vespa, har da motarsa, domin duk mai so ya ara ya fito fes.

Bayan Mali ta sami 'yancin kai a 1960, gwamnatin Modibo Keita ta ɗauke shi aiki a 1962 a matsayin mai ɗaukar hoto na hukumar tsaro. Ba a jima ba shagon ya rufe. Ya yi ritaya a 1977, aka kusa mantawa da shi. Sai dai akwai ɗabi'a guda da bai yar ba: ya adana dubban fina-finan asali na hotunan da ya ɗauka.

A 1991 aka baje wasu hotunansa a wani baje koli a birnin New York na Amurka ba tare da sunansa ba. André Magnin, mai tattara kayan fasaha ga attajiri Jean Pigozzi, ya bi sawu har Bamako, inda Malick Sidibé, abokin sana'a, ya shaida hannun Keita. Fina-finan da ya adana su suka tabbatar da aikin nasa ne, kuma daga jikinsu aka wanke manyan hotunan da cibiyar Fondation Cartier ta baje a Paris a 1994.

Ya rasu a Paris a watan Nuwamban 2001. A 2016 zauren Grand Palais ya shirya gagarumin baje kolin ayyukansa. Ya yi shekara 15 yana karɓar albashin gwamnati, amma hotunan da duniya ta san shi da su na shekarun da yake cin gashin kansa ne a tsakar gidan nan na Bamako-Koura.