Mai Shari'a Muhammadu Bello, Babban Jojin Nijeriya (1930–2004)

Daga cikin 'ya'yan Jihar Katsina da muke alfahari da su akwai marigayi Mai Shari'a Muhammadu Bello, ɗan Arewa na farko da ya zama Babban Jojin Nijeriya. An haife shi a birnin Katsina cikin 1930, a gidan ilmi da shari'a, domin mahaifinsa, Malam Muhammadu Giɗaɗo, shi ne Muftin Katsina. Bayan karatunsa a Midil ta Katsina, ya tafi Ingila ya karanci aikin lauya.

Ya fara aiki da Gwamnatin Jihar Arewa a 1956. Ya zama babban majistare a 1961, daraktan gabatar da ƙararraki a 1964, sannan alƙalin Babbar Kotu a 1966. A 1975 aka ɗaga shi zuwa Kotun Ƙoli, wadda ya shugabanta daga 1987 zuwa 1995.

Shugabancinsa ya faɗo ne a zamanin Janar Babangida da Janar Abacha, lokacin da dokokin soja suke yawan hana kotuna sauraren ƙarar da ta shafi gwamnati. Duk da haka, a 1987 kotunsa ta yanke hukunci cewa Lauya Gani Fawehinmi yana da hurumin neman a gurfanar da manyan jami'an tsaro biyu kan kisan ɗan jarida Dele Giwa. Wannan hukunci ya faɗaɗa wa ɗan ƙasa ƙofar kai kuka gaban shari'a.

A 1995 kuma, da shari'ar Cif Moshood Abiola ta zo gabansu, shi da wasu alƙalai bakwai suka janye daga saurarenta, saboda suna da ƙara a kan kamfanin jaridar Concord, mallakar Abiola. Janyewar ta sa shari'ar ta tsaya cik, abin da ya jawo suka, amma ta tabbatar da ƙa'idar cewa mai ruwa da tsaki ba ya alƙalanci.

A zamaninsa ne aka kafa Cibiyar Horar da Alƙalai ta Ƙasa a 1991, kuma harabarta da ke Abuja na ɗauke da sunansa. Ya rasu a watan Nuwamba na 2004. Muna roƙon Allah Ya jiƙansa, Ya ba alƙalanmu ikon tsayawa kan gaskiya, amin.