Nana Asma'u 'Yar Shehu Da Mazajen Da Ba Su Ji Tsoron Iliminta Ba



A 'yan shekarun nan muhawara kan haƙƙin mata ta yi zafi a tsakanin matasanmu. 'Yan mata masu karatu suna kukan cewa da zarar mace ta yi zurfi a ilimi sai manema su fara ja da baya, ko kuma a aure ta a ce ta rufe littafi ta ajiye. Wasu samari kuma, duk macen da ta buɗe baki ta nemi haƙƙinta, sai su ce ta kwankwaɗi aƙidar Turawa. Ɓangarorin biyu za su amfana da tarihin wata baiwar Allah da ta rayu a Sakkwato, ta kuma rasu fiye da shekara 150 da suka wuce, wato Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙan su da rahama.

Haihuwarta da gidan da ta taso

An haifi Nana Asma'u a garin Ɗegel, cikin ƙasar Gobir, a shekarar 1793. Tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan. Bisa al'ada sunan 'yan biyu za a raɗa mata, amma mahaifinta ya zaɓa mata sunan Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar, wadda ta riƙa kai wa Manzon Allah (SAW) da mahaifinta guzuri a kogon Saur lokacin hijira. Mahaifiyarta, Maimuna, ta rasu tun Asma'u tana ƙarama, sai sauran matan Shehu suka ɗauki renonta.

Gidan da ta buɗe ido a cikinsa ya saba da karatun mata tun kafin a haife ta. Mahaifiyar Shehu, Hauwa'u, da kakarsa Ruƙayya, duk masu ilimi ne. Shi kuma Shehu ya sha suka a kan wannan al'amari. Lokacin da yake yawon wa'azi a ƙasar Zamfara, wani malami daga Barno mai suna Mustafa Goni ya zarge shi da barin mata suna halartar majalisinsa. Shehu ya umarci ƙanensa Abdullahi ya ba da amsa, amsar kuwa ta tsaya a kan cewa barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi muni a kan fitowarsu neman sani cikin sutura da kamun kai. A littafinsa Nurul Albab ma ya yi kakkausar suka ga malaman da suke tara ɗalibai a zaure safe da yamma, alhali matansu da 'ya'yansu mata suna cikin gida ba su san hukuncin alwala da salla ba.

A irin wannan gida Asma'u ta haddace Alƙur'ani, ta karanci Larabci da tauhidi da fiƙihun Malikiyya da tarihin Annabi (SAW) da tasawwufi bisa ɗariƙar Ƙadiriyya. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, tana kuma jin harshen Buzaye.

Hijira da darajar littafi

Tana da kimanin shekara 11 a duniya al'amura suka ɓaci tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa. A farkon shekarar 1804 aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, bayan 'yan watanni kuma aka gwabza yaƙin Tabkin Kwatto. Shekarun da suka biyo baya na yunwa ne da ƙaura da zubar jini. A yaƙin Tsuntsuwa kaɗai jama'a ta rasa mahaddata Alƙur'ani masu yawa. Sai a 1808 aka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a shekara mai bi mata kuma yayanta Muhammadu Bello ya kafa garin Sakkwato.

Duk wannan yawo da aka sha, ba a bar littattafai a baya ba. An ɗaure su cikin gafaka an ɗora wa dabbobi tare da guzuri. Ya kamata ɗalibin yau ya san abin da ake kira littafi a wancan zamani. Babu maɗaba'a. Takarda daga ƙetaren Hamada fatake suke kawo ta, da tsada. Wanda yake son littafi sai ya aro, ya zauna ya kwafe shi da alƙalamin kara da tawada, shafi bayan shafi. Yarinyar da ta ga manya suna gudun ceton rai amma sun ƙi rabuwa da takardunsu, ba ta bukatar wanda zai yi mata dogon bayani kan matsayin karatu.

Aurenta da Giɗaɗo ɗan Laima

Wajen shekarar 1807, ana tsakiyar yaƙi, aka ɗaura mata aure da Usmanu Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Muhammadu Bello. Bayan rasuwar Shehu a 1817, da Bello ya zama Sarkin Musulmi, Giɗaɗo ne ya zama Wazirinsa, mai kula da wasiƙun daula da al'amuran masarautun gabas irin su Kano da Zazzau. Shi ma malami ne marubuci. Baturen nan matafiyi, Hugh Clapperton, wanda ya iso Sakkwato a 1824 aka damƙa shi a hannun Waziri, ya ambaci kirkinsa da ƙwarewarsa a harshen Larabci.

A gidan wannan bawan Allah Nana Asma'u ta yi kusan dukan aikinta na ilimi. A nan ta haifi 'ya'yanta maza, cikinsu har da Abdulƙadir wanda ya gaji mahaifinsa a sarautar Waziri. A nan ta rubuta Tanbihul Gafilin a 1820, tana da shekara 27. A nan mata daga ƙauyuka suke sauka ayari ayari. Daga nan take musayar rubutu da malamai, har da wani malamin ƙasar Shingiɗi, wato Muritaniya ta yau, wanda ta yi wa marhabin da baitocin Larabci.

Mai hankali ya san babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai yiwu a gidan mijin da zuciyarsa take ƙunci idan aka yabi matarsa. Giɗaɗo yana da mulki, yana da iko a gidansa, da ya so ya rufe ƙofa da babu mai hana shi. Sai ga shi sunan matarsa ya kai inda ya kai yana raye, kuma aikinsu ya zama mai taimakon juna. Bayan rasuwar Sarkin Musulmi Bello a Wurno a 1837, mijin da matar suka duƙufa wajen adana tarihin jama'a kafin waɗanda suka gani da ido su ƙare. Shi yana rubutawa da zube cikin Larabci domin malamai, kamar littafinsa Alkashfu wal Bayan kan rayuwar Bello. Ita kuma tana tsara tarihin cikin waƙa domin wanda bai iya Larabci ba, kamar waƙarta ta Fulatanci kan tafiyar Shehu, wadda aka sani a Hausa da Waƙar Gewaye. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yayanta Bello ma haka ya ɗauke ta. Da ya wallafa Kitabun Nasiha, inda ya tattaro labaran salihan mata, ita ce ta mayar da shi waƙa cikin Fulatanci da Hausa, aka san shi da Tawassuli Ga Mata Masu Albarka. A ciki ta jero matan Annabi (SAW) da 'ya'yansa da irin su Rabi'atul Adawiyya, ta haɗa da matan jama'arta da ta sani. Sarkin Musulmi guda, mai tarin wallafe-wallafe, bai ga ƙasƙanci ba a ce ƙanwarsa ce za ta isar da saƙonsa inda alƙalaminsa bai kai ba.

'Yan Taru

Yaƙi ya bar ƙasa cike da zawarawa da marayu da mata kamammu, da yawansu ba su san komai ba sai bori. Nana Asma'u ta ga cewa matar ƙauye mai goyo da aikin gida ba za ta iya zuwa Sakkwato karatu ba, saboda haka dole karatu ya je ya same ta. Cikin shekarun 1830 ta kafa tsarin da aka sani da 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai amana daga kowane yanki ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malafa da jan rawani domin a san matsayinta. Jaji takan jagoranci ayarin tsofaffin mata da 'yan mata ƙanana zuwa wurin Nana, su ɗauki karatu, su koma su koyar da matan aure a cikin gidajensu.

Littafin karatunsu waƙoƙinta ne, domin waƙa tana da sauƙin hadda, kuma mace za ta iya maimaita ta tana daka ko tana kaɗi. Akwai wadda ta jera sunayen surorin Alƙur'ani, akwai na tauhidi da salla da tsoron Lahira da begen Annabi (SAW). Ta kuma mayar da waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa zuwa Hausa, waƙar da take gargaɗin masu mulki kan zalunci. Kyaututtukan da ayarin suke kawowa, na hatsi da zuma da tufafi, rabar da su take yi ga mabukata. Ƙanenta Isa ɗan Shehu ya taimaka wajen fassara waƙoƙinta na Fulatanci zuwa Hausa.

Marsiyoyinta da rasuwarta

Wanda yake son ya san irin namijin da Nana Asma'u take girmamawa, sai ya duba marsiyoyin da ta yi. Bello jarumi ne da ya jagoranci yaƙe-yaƙe har zuwa Gawakuke a 1836, amma da ya rasu, abin da ta fi ambato a kansa shi ne iliminsa da tsoron Allah da tausayin talaka da yadda ya kasance malami kuma majingina a gare ta. Da Giɗaɗo ya rasu, fiye da shekara 10 kafin ita, ta tuna shi da kyauta da karɓar baƙi da kula da masallaci da hubbaren Shehu. Ta yi wa aminiyarta A'ishatu, matar Bello, marsiyya, ta kuma yi wa wata jajinta mai suna Hauwa'u, wadda ba 'yar sarauta ba ce.

Allah Ya karɓi ranta a 1864, tana da shekara 71, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. 'Yar'uwarta Maryamu ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru. Rubuce-rubucenta sama da 60 sun iso gare mu, mafi yawa ta hannun zuriyarta, musamman Wazirin Sakkwato Junaidu wanda ya rasu a 1997, shekarar da Jean Boyd da Beverly Mack suka buga tarin ayyukanta tare da fassarar Turanci.

Abin da za mu ɗauka

Wasu marubutan zamani suna sanya Nana Asma'u cikin jagororin fafutukar 'yancin mata, abin da ake kira feminizim. Ita ba ta san wannan suna ba, kuma hujjarta daga Alƙur'ani da Sunna ta ɗauko ta. Ya tabbata a hadisi cewa mata sun nemi Annabi (SAW) ya keɓe musu ranar karatu, ya kuwa keɓe musu, kuma manyan sahabbai sun riƙa komawa ga Nana A'isha idan mas'ala ta shige musu duhu. Don haka 'yar Musulmi da take neman ilimi da mutuntawa gadonta take nema, bai dace a jefe ta da sunan 'yar koren baƙi ba. Ita ma ya dace ta lura da inda Nana Asma'u ta kai iliminta: ga matan ƙauye waɗanda ba su da mai yi musu magana.

Babban darasin kuwa na maza ne. Bayan wannan malama akwai uba da ya jure suka domin 'ya'yansa mata su yi karatu, da wa da ya nemi taimakonta, da miji da ya buɗe mata gidansa. Cikar hankalin namiji a zaman aure ana gane ta ne a irin waɗannan wurare: ya iya sauraro har matarsa ta kai aya, ya karɓi gyara daga bakinta idan ita ce da gaskiya, ya danne fushi, ya bambance kishin da shari'a ta yaba da hassadar da take sa mutum ya tsani ɗaukakar iyalinsa. Wanda yake ganin sai matarsa ta zauna a duhu sannan girmansa zai tabbata, ya binciki zuciyarsa, domin rauni ne yake ɓoyewa da tsawa.

Mazajen nan uku kuma duk ma'abota littafi ne. Wanda ya karanta tarihin Annabi (SAW) ya ga yana taya iyalinsa aikin gida, yana karɓar shawarar Ummu Salama ranar Hudaibiyya, yana zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim, zai yi wuya ya ɗauki taurin zuciya a matsayin mazantaka. Yau littafi ya yi araha, har a cikin waya ana samun sa, sai dai gidajen da miji da mata suke zama su buɗe shi tare sun yi ƙaranci. Maigida ya ware ko da rabin sa'a bayan Isha'i, a karanta babi ɗaya na sira ko na fiƙihu, wanda ya fi sani ya karantar da ɗan'uwansa, ko da uwargida ce. Uba kuma kafin ya ba da 'yarsa, ya tambayi manemin abin da yake nufi da karatunta, ya saurari amsar da kyau.

Allah Ya jiƙan Nana Asma'u da iyayenta da mijinta da dukan 'Yan Taru, Ya sanya albarka a gidajenmu, Ya azurta mu da ilimi mai amfani da kyawawan ɗabi'u. Amin.