Taƙaitaccen Tarihin Emanuel Lasker

An haifi Emanuel Lasker a shekarar 1868 a garin Berlinchen na ƙasar Jamus, wanda a yau yake cikin Folan. Bayahude ne, kuma dakta a fannin lissafi, amma a wasan ces, wato darar Turawa, duniya ta san shi.

A 1894 ya kayar da Wilhelm Steinitz, zakaran duniya na farko, ya riƙe kambun shekara 27. Har yau babu wanda ya kamo shi. Sai a 1921 Capablanca ɗan Kyuba ya karɓe a birnin Havana.

An sha zargin Lasker da son kuɗi, domin ba ya zama gasa sai an biya shi da tsoka. To amma yana da hujja, ya ga yadda Steinitz ya mutu a 1900 cikin talauci. Abin da ya guda kuwa bai bar shi ba. A 1933 gwamnatin Hitila ta ƙwace dukiyarsa, ya yi gudun hijira, dole ya koma kan allo da tsufansa. A gasar Mosko ta 1935, yana ɗan shekara 66, ya zo na uku ba tare da an ci shi ko sau ɗaya ba. Ya mutu a New York a 1941.