MARIGAYI JON POSTEL, MAI RIƘE DA LITTAFIN SUNAYEN INTANET

Duk wanda ya taɓa aika wasiƙa zuwa Tudun Wada ya san sunan kaɗai ba ya isa. Akwai Tudun Wada a Zariya, akwai a Kaduna da Jos, ga kuma Tudun Wadar Ɗankadai a kudancin Jihar Kano. In ba a ƙara bayani ba, wasiƙa sai ta ɓata. Irin wannan rikici ne Marigayi Jon Postel ya yi shekaru yana hanawa a intanet.

An haife shi ran 6 ga Agusta, 1943, a Jihar Kalifoniya ta Amurka, ya kuma sami digirin dakta a 1974. Tun yana ɗalibi, a 1969, yana cikin waɗanda suka haɗa kwamfutocin farko na ARPANET, watau tushen intanet.

Kowace kwamfuta da lamba ake gane ta, amma mutum ya fi riƙe suna. Saboda haka a 1983 abokin aikinsa Paul Mockapetris ya ƙago tsarin DNS, wanda ke juya suna ya zama lamba. Shi kuwa Postel aka danƙa wa babban littafin rajista, domin kada suna ɗaya ya faɗa hannun mutum biyu. Ta hannunsa ƙasashe suka sami haruffansu biyu-biyu: Nijar .ne, Nijeriya kuma .ng a 1995. A 1994 ya kafa ƙa'idar cewa mai kula da sunan ƙasa amana ya ɗauka domin jama'a, ba dukiyarsa ba ce.

A watan Janairu 1998 ya nemi masu kula da takwas daga manyan kwamfutocin tushen sunaye su riƙa bin tasa kwamfutar, suka kuwa bi nan take. Gwamnatin Amurka ta sa ya janye, amma duniya ta ga irin yardar da aka yi masa. A shekarar aka kafa hukumar ICANN don ta gaji aikin.

Ya rasu ran 16 ga Oktoba, 1998, bayan an yi masa aiki a zuciya, yana da shekara 55. Yau ɗalibin Kiru ko Doguwa da ya rubuta adireshi mai ƙarewa da .ng don duba sakamakon jarrabawa, ya kuma sauka inda ya nufa, aikin wannan mutum yake mora.