William Halsted: likitan da maganin kashe zafi ya kama

Wanda aka yi wa aikin fiɗa a ƙirji, numfashi da tari kan zame masa azaba. A yau likitoci kan yi allura kusa da jijiyoyin da ke bin haƙarƙari, wurin ya mutu na wasu sa'o'i, majinyaci ya samu sauƙin numfashi. Tushen dabarar yana wajen William Halsted, wanda aka haifa a birnin New York na Amurka a 1852.

A 1884 Carl Koller, likitan ido a Vienna, ya nuna cewa hodar iblis tana kashe zafi. Halsted da abokan aikinsa suka riƙa gwada allurarta a jikinsu, suka tabbatar idan ta taɓa jijiya, duk yankin da jijiyar take kaiwa yakan mutu. Gwaji ya yi kyau, amma hodar ta kama shi. Sau biyu ana kwantar da shi domin ya rabu da ita. Morfin da aka ba shi ita ma ta kama shi har ƙarshen rayuwarsa.

Duk da haka ya shugabanci sashen fiɗa na asibitin Johns Hopkins, wanda aka buɗe a 1889. Can ya shigo da safar hannu ta roba ɗakin fiɗa, ya kuma shahara da fiɗar kansar mama. Ya rasu a Baltimore a 1922.

Magungunan da ake allurar da su yanzu, irin su lidokayin, ba sa kama mutum. Suna ma rage wa majinyaci bukatar morfin ko taramol, ƙwayar da mutanen Konni suka san ɓarnarta.