Tarihin Magabata: Nana Maryamu Uwar Daje, 'Yar Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo

Tun zamanin da, akwai tambayar da ke wahalar da alƙalai da masu tsara dokokin ƙasashe, watau wane matsayi ne ɗa yake da shi a gidan ubansa da ƙasar ubansa idan ba a ɗaura aure tsakanin uban da uwar ba. Rayuwar Nana Maryamu, wadda aka fi sani da Uwar Daje, ta nuna yadda Daular Sakkwato ta warware wani sashe na wannan al'amari.

An haifi Maryamu wajen shekarar 1810, lokacin da yaƙe-yaƙen jihadi suka lafa bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808. A waɗannan shekaru ne Shehu Usmanu ya koma Sifawa, garin da yake cikin ƙaramar hukumar Boɗinga a Jihar Sakkwato, ya duƙufa ga karantarwa da rubuce-rubuce. Ƙanensa Malam Abdullahi yana zaune kusa da shi a Boɗinga, ɗansa Muhammadu Bello kuwa yana gina Sakkwato. A 1815 Shehu ya tashi zuwa Sakkwato, inda Allah ya yi masa rasuwa a 1817, Maryamu tana ƙaramar yarinya.

Mahaifiyarta, Mariya, sa-ɗaka ce a gidan Shehu. Ita ce kuma ta haifi Isa Autan Shehu, wanda ya zo duniya bayan rasuwar mahaifinsa, daga baya ya zauna Kware, ya yi suna wajen mayar da waƙoƙin gidansu zuwa Hausa.

A nan ya kamata mai karatu ya lura da hukuncin fiƙihun Malikiyya, wanda da shi daular take aiki. Idan baiwa ta haihu da ubangijinta, shi kuma ya amsa cewa ɗan nasa ne, to ɗan ɗa ne tun ranar haihuwarsa, yana ɗaukar nasabar uba, yana cin gado daidai da 'ya'yan matan aure. Uwar kuwa ta zama ummul waladi, ba a sayar da ita, ba a ba da ita kyauta, tana samun 'yanci da zarar ubangijin ya rasu. Malamai sun kafa hujja da Mariyatul Ƙibɗiyya, mahaifiyar Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A bisa wannan ƙa'ida ne Ma'amun ɗan Haruna Rashid ya hau gadon halifanci a Bagadaza, haka nan Aliyu Babba ɗan Bello ya zama Sarkin Musulmi daga 1842 zuwa 1859, alhali iyayensu mata sa-ɗaka ne. Amma fa malaman ba su haɗa wannan hukunci da na ɗan da aka samu ba ta hanyar aure ko mallaka ba. Shi wannan, a wurin akasarinsu, uwarsa ake danganta shi da ita.

Saboda haka Maryamu ta tashi 'yar Shehu cikakkiya. Ta yi karatu a hannun yayarta Nana Asma'u, wadda ta girme ta da kimanin shekara 17, ta iya rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Aurenta na fari da Muhammadu Adde ne, ɗan Waziri Giɗaɗo, suka sami 'ya'ya mata biyu. Bayan rasuwarsa aka aurar da ita ga Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846. Wannan aure ya ƙarfafa zumunci tsakanin Sakkwato da Kano, wadda ita ce mafi arziki cikin masarautun daular, kuma ba a ɗaura shi ba sai domin kowa ya yarda jinin Shehu ne ake kaiwa gidan Dabo. Ba ta haihu da Dabo ba, duk da haka 'ya'yansa sun riƙe ta uwa.

Da Dabo ya rasu sai ta komo Sakkwato, ta shiga taimakon Nana Asma'u a aikin 'Yan Taru. Tsarin shi ne a zaɓi dattijuwa mai ilmi da mutunci daga ƙauye, a naɗa ta jaji, a ba ta malfa da jan ƙyalle alamar muƙaminta, ita kuma ta riƙa jagorantar mata zuwa Sakkwato su ɗauki karatu cikin waƙa su koma su koyar a gidajensu. Da Asma'u ta rasu wajen 1864, Maryamu ce ta gaji shugabancin wannan aiki.

Inda aka fi ganin nauyin maganarta shi ne cikin shekarun 1880. A 1881 Muhammadu Ahmad ya yi da'awar shi ne Mahadi a ƙasar Sudan, a 1885 mutanensa suka ci Hartum. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Muhammadu Bello, ya yi masa mubaya'a daga ƙasar Adamawa. Jama'a suka fara barin gonakinsu da garuruwansu suna nufar gabas, bisa zaton lokacin hijirar da Shehu ya yi bushara da ita ya yi. Sai Maryamu ta rubuta wasiƙa ga Sarkin Kano, ɗan mijinta Dabo, ta bayyana masa cewa alamomin da mahaifinta ya ambata ba su bayyana ba tukuna, don haka bai kamata a bar mutane su watse ba. Abin da ya ba wasiƙar ƙarfi shi ne matsayinta na 'yar Shehu wadda ta tashi a gidansa, ga ilmi, ga shekaru. Da an tauye nasabarta saboda matsayin mahaifiyarta, da daular ta rasa wannan murya a lokacin da take bukatarta.

Zamani ya sauya. Turawan mulkin mallaka sun shelanta cewa duk wanda aka haifa daga Afrilu 1901 ɗa ne, a 1936 kuma aka soke bauta baki ɗaya a Arewa. Sai dai tambayar ta sake fitowa cikin dokokin zama ɗan ƙasa. A Birtaniya, har zuwa 1 ga Yuli 2006, ɗan da ubansa bai auri uwarsa ba ba ya samun zama ɗan ƙasa ta wajen uban, kuma sai a 2015 aka buɗe wa waɗanda aka haifa kafin wannan rana ƙofar yin rajista. A Nijeriya kuwa, Tsarin Mulkin 1979, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Oktoba da aka rantsar da Alhaji Shehu Shagari, mutumin garin Shagari, ya hana a tauye wa ɗan ƙasa haƙƙi saboda yanayin haihuwarsa kawai. Tsarin Mulkin 1999 ya maimaita haka a sashe na 42, sashe na 25 kuma ya ba da zama ɗan ƙasa ta wajen uba ko uwa, ba tare da ya sa sharaɗin aure ba.

Ma'aikacin da ke ba da takardar shaidar asali da ɗalibin da ke karanta doka, duka suna da abin lura a nan: hukuncin da aka yanke kan nasabar jariri yakan shafi al'umma bayan shekaru saba'in. Allah ya jiƙan Uwar Daje, ya kyautata makwancinta, amin.